Turmin damisar Habsu

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar brebe ya fito, sai ƙofar shagona ta cika da ƴan mata. Da wadda ta faɗi, da wadda aka ce karatun ya isa haka nan, kowace da waya a hannu tana tura min hoto a fuska: "Tanti Raki, wata nawa zan yi in iya wannan?" Bakina ya gaji da amsa ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Taka keke ba wani abu ba ne, wata biyu ya ishe ki. Buhun gero ma ɗinka shi ake yi. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin inda za ki sa almakashi, da inda za ki ɗauke hannunki.

Ni ma ta ƙofar nan na shigo. Sau biyu na faɗi brebe a nan Buza, babana ya ce babu na uku. Aka kai ni wurin Inna Ai, mai ɗinki a bayan kasuwa, doguwar tsohuwa mai tabarau ɗaure da zare, wadda ba ta magana sai ta gama tauna goron da ke bakinta. Shekara guda cur ban yanka ko ƙyalle ba. Ni ce hura gawayin dutsen guga, ni ce naɗa zare a kwarkwaro, ni ce ɗiga wa keke mai, ni ce kalmasa bakin zane har yatsuna suka yi kanta. In ɗinki ya karkace sai ta miƙo min reza in farke, ko ba ni na yi ba. Almakashinta baƙi ne mai nauyi, a ƙarƙashin cinyarta take ajiye shi. Ranar da ta kama ni ina yanke farce da shi, kwana uku na yi a gida kafin uwata ta zo ta ba da haƙuri.

Aikin farko da ta bar ni na yanka, taguwa ce ta wata madam mai aikin biro, wato ofis. Yadin zanen damisa ne, irin mai manyan roɗi, kowane ya kai bakin kofi. Na auna ta da metir, na rubuta a kaye, littafin awonmu, na ja alli, na yanka, na ɗinka, ko zare ɗaya bai kauce ba. Madam ta zo ta saka, ta tsaya gaban madubi. Manyan roɗi biyu sun zauna mata daidai a ƙirji, ɗaya dama, ɗaya hagu.

"Raki," in ji ta, "ni zan kalli mutane a biro, ko rigar ce za ta kalle su?"

Inna Ai ta haɗiye goronta, ta ce, "Cire, madam, kahin ta ƙihta miki ido."

Sai da muka sake gaban rigar gaba ɗaya. Ran nan na gane yadin dabba ba a kan tebur ake karanta shi ba. A jikin mai shi ake yafa shi, a sa alli a duk inda babban roɗi bai kamata ya faɗa ba, ƙirji, ciki, mazaunai. Sannan a kwantar a yanka.

Tun daga nan, kusan duk mai irin wannan yadi a Buza wurinmu take kawowa, damisa ce, jakin dawa ne, fatar mesa ce. Ku kuna gani kamar sabon abu ne da waya ta kawo. Inna Ai ta ce kakanninmu sun ɗaura saƙi, kuma saƙi ba komai ba ne sai gashin zabo da masaƙa suka kwaikwaya. Bambancin, saƙi ba ya kiran ido daga nesa, damisa kuwa tun daga bakin kasuwa ake hango ta. Saboda haka dabba ɗaya ta ishi jiki ɗaya. Kada ki haɗa min damisa a sama, jakin dawa a ƙasa, ki ce kin yi ado. Daji kika ɗauko. In taguwa damisa ce, zane ya zama baƙi, ko ruwan ƙasa, ko makuba, wanda ba shi da fure ko ɗaya. In kallabi ne damisa, shi ke nan, an gama, sauran jiki ya yi shiru. Ba a ɗora mata surfani, ba a manna mata duwatsu masu ƙyalli. Layin jakin dawa a tsaye ake sa wa gajeruwar mace, in kika kwantar da shi kin mai da ita randa. Mai zuwa awon ciki ko kasuwa ko rijiya, faɗin yatsa biyu a wuya da bakin hannu ya ishe ta. Wata ta ƙi ji, ta ce yadinta ne, muka ɗinka mata mesa tun daga kallabi har idon sawu. Ta je suna gidan kakarta, tsohuwa ta ce a miƙo mata sanda.

Duk wannan kuna iya haddacewa yau kafin la'asar. Amma kafin ta taɓa alli, Inna Ai ba ta taɓa fasa tambayar wadda ta kawo yadi ba: wa za ta sa, ina za ta da shi, su wa za su gan ta. Sai ta zaunar da mace su yi ta hira, ni ina tsaye da metir a wuya ina tsaki a ciki. Ɓata lokaci na ɗauki abin, surutun tsofaffi.

Shekarata ta biyar a shagon, ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ya ɗauki ciki. Daga Deule har Tabotaki kara aka yanke, ba zangarniya. Maza suka watse ci-rani, wasu kudu, wasu Libiya, har waɗanda ba su taɓa wuce Madawa ba. Aikin shago ya koma maho da rage kayan gwanjo. Na tuna wata da ta kawo zanen aurenta ta ce a fitar wa ƴaƴanta biyu riguna, muka yi ta juya shi muna neman inda bai mutu ba. A cikin wannan halin ƙafafun Inna Ai suka fara kumbura, taka keke ya gagare ta, sai ta riƙa zuwa bayan azahar kawai. Ta ba ni almakashin. Na ɗauka na gama iyawa.

Da bazarar da ta biyo, wata ranar kasuwa, shago cike da masu maho, sai ga wata dattijuwa daga wani ƙauye ta wajen Deule, da ƙulli a leda. Gwaggo Barira sunanta, amma wannan daga baya na sani. Ta kwance ƙullin. Turmi ne guda na damisa, zane uku cif, ruwan zuma da baƙi, mai taushi, irin da ba a samu a kasuwarmu. Tare da shi akwai tsohuwar taguwa ta awo, ta siririyar mace.

"Ɗiyar ƙanena ce mai shi," ta ce. "Wato ita wagga yarinya, mijinta..."

"Gwaggo, ga mutane na jira. Yaushe ake so?"

"Nan da kasuwa biyu. Amma bari in gaya miki..."

"Ajiye nan. Kasuwa mai zuwa ki zo ki gani."

Ta ɗan tsaya. Da ta ga na juya ga wata, sai ta fita.

Na dubi turmi, na dubi taguwar awo, na yanke wa kaina hukunci: amarya ce, ko matar ɗan ci-ranin da ya samu. Akwai wani modal na ɗinki da na daɗe da ajiye hotonsa a waya, doguwar riga mai kama jiki, ta buɗe daga gwiwa zuwa ƙasa, wadda ba ta yiwuwa sai da turmi guda. Na san sarai ba a sa damisa daga sama har ƙasa, ni nake gaya wa masu zuwa. Amma wata da watanni ban taɓa yadi mai kyau ba, hannuna yana ƙaiƙayi. Washegari kafin azahar na raba zane ukun nan gida goma sha huɗu. Roɗi ko ɗaya bai faɗa inda bai kamata ba. Aikin ya yi kyau, wannan ko yau ba na musu.

Inna Ai ta shigo tana dogara sanda, ta dubi abin da ke kan tebur.

"Na wa ne?"

"Na wata ce, daga wajen Deule."

"Wace wata?"

Na hau tattara ƙyallaye.

"Ina za ta da shi?"

Wannan ma ban sani ba. Ta zauna a hankali, ta miƙe ƙafa, ta ce, "Allah shi sa ba mu yi ɓarna ba."

Kasuwa ta zagayo, Gwaggo Barira ta dawo. Rigar na rataye a bango, saura hannu ɗaya. Ta dube ta, ta nemi kujera ba ta gani ba, ta zauna a ƙasa.

"Wayyo Allah. Ke ɗiyar nan, mi kinka yi? Takaba take yi!"

A nan na ji labarin da na hana ta faɗa. Mai turmin sunanta Habsu. Mijinta Illa yana cikin waɗanda suka tafi Libiya bayan gero ya ƙi. Bai fi wata biyu yana aiki ba zazzaɓi ya kashe shi, aka rufe shi can. Bayan sadakar arba'in wani abokin tafiyarsa ya kawo jakarsa. Bai kai ga gama tsaraba ba, abin da ke ciki takalman yara ne da turmin nan da ya saya wa matarsa. Saura kwana takwas ta fita takaba, kuma ta ce ba abin da za ta sa ranar sai shi. Abin da Gwaggo ta zo nema shi ne a bar zane ɗaya yadda yake, a yi mata taguwa mai yalwa, a nemi dabarar da abin zai yi sanyi a ido.

Don akwai magana a gidan. Uwar Illa, Iya Tsahara, tun ranar da aka kwance jakar ta ce wannan tufafin matan bariki ne. Yayyen Illa kuwa suna ta shawara, ko Habsu ta zauna a ɗakinta ta riƙe ƴaƴanta uku, ko ta koma gidan ubanta da na goye, a bar manyan biyu wurin kakarsu. Ba su yanke ba, suna jiran ranar fita.

"In ta hito cikin wagga," Gwaggo ta nuna bango, "za su ce dama ƙosawa ta yi, zawarci ta hito. Sun samu abin da suke nema. Ɗiyanta za ta bari."

Na ce to a nemo wani turmin. Inna Ai ta dube ni ta saman tabarau.

"Illa ne zai tashi shi sawo?"

Ta ce in sauke rigar, in naɗe, in bi Gwaggo a motar kasuwa, in je in ga mai kayan da idona, in ga gidan, in ga masu kallonta. "Ki tahi ki yi tambayar da kinka ƙi yi."

Mun isa da la'asar sakaliya. Gidan dutse da laka ne, rumbu uku, biyu a buɗe ba komai ciki. Habsu na zaune a ƙofar ɗakinta cikin wani zane da ya koɗe, ba kwalli, ba lalle, ba ɗan kunne, yaro a cinya. Ba ta girme ni ba. Na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya, na buɗe leda. Ban yi dogon bayani ba, na ce, "Ni na yanka, ban tambaya ba."

Ta ɗaga rigar, ta juya ta, tana bin ɗinkin da yatsa gida-gida.

"Ko zane ɗaya ba ki rage ba?"

"Ban rage ba."

"Kin yi mishi yankan naman layya."

Ta jijjiga yaron. Sannan ta ce, "Baban yaran nan bai iya zaɓen zane ba, tun can. Ya taɓa kawo min wani mai hoton agogo, na ɗaura, garin ga duk anka yi ta tambayata ƙarhe nawa. Amma shi ya zaɓa. Ba ni son a ninke wanga cikin kwalla asu shi ci. So nike in sa shi in tahi rijiya, in sa shi in yi daka."

Muna haka Iya Tsahara ta fito daga ɗakin da ke fuskantarmu, gajeruwar tsohuwa, da baƙin mayafi da ya yage a gefe. Na durƙusa na gaishe ta. Da ƙyar ta amsa, idonta na kan rigar.

"Wagga ce telar? To madalla. An yi mata na shiga kasuwa."

Ta zo kamar za ta wuce, sai ta kama gefen rigar tsakanin yatsu tana murzawa. Ta daɗe tana murzawa.

"Hannunshi ya taɓa wanga," ta ce, ba da kowa take ba. Ta saki, ta koma ɗaki.

Da na dawo Buza na zayyana wa Inna Ai komai, har murzawar. Ta ce, "Ita uwar, mi anka hiddo mata cikin jakar?"

Na ce takalman yara ne da turmi kawai.

"To," in ji ta. Ta aike ni gidanta na ɗauko sauran baƙin yadi da ruwan ƙasa da ta ɓoye tun kafin yunwa. Sannan ta miƙo min reza.

Kwana biyu na yi ina farke abin da na ɗinka a yini ɗaya. Yadi mai taushi, in kika ja zare da ƙarfi sai ya bar rami, don haka ɗinki ɗai-ɗai ake tsinkewa. Na goge gidajen, na jera su a tabarma. Inda ƙananan roɗi suka yi yawa na fitar da siraran ƙyallaye masu faɗin yatsa biyu, a karkace nake yanka su don su bi zagayen wuya ba tare da sun tattare ba. Taguwa biyu na yi, baƙa da ruwan ƙasa, masu yalwa, dogon hannu, damisar tana wuya da bakin hannu kawai. Zane biyu, na bi gefen da ke shigewa ciki da ita, ba a ganinta sai an ɗaga ƙafa. Bayan rigar, wanda ya fi kowane gida girma, na yi masa shafi na mai da shi majanyi, don ba mai zargin abin da aka goya yaro da shi. Dogayen da suka rage daga ƙasan rigar, Inna Ai ta ce in harhaɗa su in bi gefen baƙin mayafi da su ta ciki, zagaye guda. Kusurwa ɗaya sau uku ta sa na farke.

Ranar fitar na kai kayan da kaina, da hantsi. Habsu ta yi wanka, an ba da tufafin takaba sadaka, mata sun taru a tsakar gida. Na shiga ɗaki na shimfiɗa mata kayan a kan gado. Ta shafa wuyan taguwa, ta ɗaga majanyi, ta gyaɗa kai. Da ta zo kan mayafin sai ta tsaya.

"Wanga ai na tsohuwa ne."

"Na Iya ne."

"Ita da ta ce na matan bariki ne?"

"Kayanki ne. In kin ce a'a, in mai da shi leda, ba wanda ya gani."

Ta riƙe shi, tana kallon ƙofa. Can ta ninke shi huɗu, ta sa a hammata.

A garinsu, mai fita takaba uwar miji take fara gaisarwa kafin ta taka ƙofar gida. Habsu ta fito cikin baƙar taguwa da zane ruwan ƙasa, kallabi baƙi, yaro a baya cikin majanyin damisa, manyan ƴaƴanta biyu riƙe da gefen zanenta. Yayyen Illa biyu na zaune a tabarma ta wajen zaure, babbansu, Ada, yana jan tasbaha. Habsu ta durƙusa gaban Iya Tsahara. Tsohuwa ta dube ta daga kai har ƙafa, ta sake dubawa. Ta sa yatsa ta juya wuyan taguwar.

"Ina sauran?"

"Ga naki, Iya. Cikin abin da ya aiko ne."

Ta karɓa, ta warware. Ta waje baƙi ne wuluk. Ta juya gefen ta ga damisar, ta bi ta da yatsa tun daga kusurwa ɗaya har ta zagayo inda ta fara. Ta cire yagaggen mayafinta ta ajiye, ta yafa wannan, ta jawo gefen ta rufe baki da hanci, ta daɗe a haka.

Da ta sauke, ba Habsu ta kalla ba.

"Ada."

"Na'am, Iya."

"Ɗakin yarinyar ga shina zuba ta kusurwar gabas. Ka sa a yaɓe shi kahin ruwa shi sauka, kada ɗiyan ƙanenka su kwana cikin jiƙa."

Ada ya dubi ɗan'uwansa, ya mai da ido ƙasa, ya ce, "To, Iya."

"Ke kuma tashi, rana na yi. Tahi ki gai da mutane, ki dawo ki ɗora tukunya."

Habsu ta miƙe, ta gyara goyo, ta nufi ƙofar gida. Ni kuma na naɗe ledata na tafi neman motar Buza. Damina huɗu ke nan da yin wannan, tana nan a ɗakinta, ita da ƴaƴanta uku.